Yadda Auta Ta Karɓo Muryarta

Autarmu masaniyar tattalin arzikin makamashi ce. Ni da ban yi nisa a boko ba, abin da na gane shi ne, ita ke binciken dalilin da ya sa wutar lantarki take tsada kuma ba ta zama. Tun tana ƙarama take da in'ina. In kalma ta maƙale mata, sai ta runtse ido, ta bubbuga cinya da yatsu har kalmar ta fito. Ni ne babban wanta, ina tuƙin haya a lokacin. Nakan zaunar da ita a gidan gaba ta riƙa karanta mini allunan shaguna, ban taɓa ƙarasa mata kalma ba. Ta girma, ta zama malamar jami'a, ana gayyatarta jawabi a manyan otal. Da na ajiye haya sai na koma direbanta.

A wani taro da aka nuna a talabijin, tana bayanin cewa in aka gyara tsofaffin wayoyi kafin a gina sababbin tashoshi, wuta za ta zauna. Ta zo kan kalmar wuta, ta maƙale. Tana cikin "wu-wu" sai aka ɗauke wutar zauren. Kowa ya yi dariya, har ita.

Ashe Tsinke yana wurin. Wani siririn mai barkwancin siyasa ne, da ake ɗauka a taro ya kwaikwayi tafiyar ministoci da alkawuran kamfe, don kada mutane su yi gyangyaɗi bayan cin abinci. Daga ranar ya ƙirƙiro Dakta Wu-wu. Ya yafa mayafi, ya sa tabarau marar gilashi, ya runtse ido, ya bubbuga cinya, sai a kashe masa fitila. Sannan ya shiga jero sharri: wai mijinta da tocila yake nemanta a gida, wai kafin ta gama kiran wuta an kawo an ɗauke.

Gayyata ta fara ja da baya. Inda aka kira ta kuma, tun tana gyara makirfo ake ƙunshe dariya. Ɗalibai suna yi mata "wu-wu" daga bayan aji. Abin da ya fi ci mata rai, 'yarta ta ce a daina sauke ta a ƙofar makaranta, a riƙa tsayawa can a kwana.

Sau ɗaya ta tare shi a farfajiyar wani otal, ta roƙe shi ya bari. Ya washe baki ya ce, "Haba Anti! Ai talla nake miki kyauta."

Da ta shigo mota ta ce, "Yaya, ka ga yanzu ya rage taɓa ministoci? Ya san su suna da 'yan sanda. Ni kuwa tsohon direba gare ni."

Na ce ta yi haƙuri.

Ta ce, "Shi nake yi. Irin na mai dafa dutse. Amma romon ba zan ba kowa ba."

Daga nan ta tsiri zuwa duk inda zai yi wasa. Ta cire tabarau, ta ja mayafi, mu zauna a kujerun baya. Ni ina jin kamar ana zare mini jijiya, ita kuwa leɓenta ne kawai ke motsi. Wata rana ta ce, "Ka lura? Ba ya canza ko tari. Ministocin da yake kwaikwaya duk an sauke su. Ni kaɗai ce jarinsa." A hanya sai ta riƙa maimaita wasan, tana tambayata, "Nan yake ɗaga gira, ko sai an yi tafi?" Mun shekara muna haka, har na fara tsoron ko abin ya taɓa ta.

Sai ga gayyatar babban taron kamfanonin wuta da 'yan kasuwa. Da gangan suka haɗa su biyun, don a sha kallo. Auta ta amsa, da sharaɗi ɗaya: ita za ta fara hawa, shi ya biyo baya. Mai tsara taron ta ce ai wannan ba komai ba ne.

Ranar, zaure ya cika, ga robobin ruwa a jere, ga Tsinke a layin gaba da jakarsa a cinya. Aka karanto tarihin karatunta, ta hau. Ta cire tabaranta ta ajiye, ta ciro marar gilashi ta sa. Ta runtse ido, ta bubbuga cinya. "Wu-wu-wu..." Ɗif, fitila ta mutu, don tun da safe ta shirya da mai kula da wutar zauren. Wurin ya kece. Da haske ya dawo ta kawo mijin da tocilarsa, ta kawo sauran ɗaya bayan ɗaya, har ɗaga girar, har tarin. Wani mai tumbi kusa da ni yana share hawaye da hula. Ba ta bar wa Tsinke ko ƙashi ba.

Sannan ta mayar da tabaranta ta ce, "Kun ƙoshi? To ga maganar da nake son ƙarasawa tun wancan taron." Ta yi bayanin wayoyi, da wutar da ke ɓacewa a hanya kafin ta iso gidan mutum, da wanda ake ɗora wa asarar. In'inar gaske ta zo mata, aka jira ta. Ba wanda ya motsa.

Aka kira Tsinke. Ya hau, ya buɗe jaka, ya zaro mayafi. Wani daga baya ya ce, "Dakta ta riga ka!" Ya mayar. Ya gwada tafiyar wani minista da rabin zauren ba su ma tuna da shi ba. Sai tari, sai jan kujeru, sai masu fita amsa waya. Ya yi gumi har kwalar rigarsa ta jiƙe, ya sauko tun lokacinsa bai yi rabi ba.

A wajen ajiye motoci ya biyo mu, jakar tana reto. "Anti, kin cire mini abinci daga baki."

Ta sauke gilashin mota a hankali. "Haba ƙanena. Ai talla na yi maka kyauta."

Muka hau titi. Na ce, "To, zuciya ta yi sanyi?"

"Da saura. An ɗauke shi wasa a taron masu man fetur wata mai zuwa. Na ce su ma su sa ni gabansa." Ta duba agogo. "Biya makaranta, an kusa tashi. Kuma a bakin ƙofa za ka tsaya, Yaya. Ba a kwana ba."