Gindin Randar Baturiya

Duk garin Kwaya ba wanda bai san gindin randar Baturiya ba. An sa mata wannan suna don ta zo duniya jajur, amma rana da hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli sun daɗe da karɓe farin, sunan kawai ya rage. Mijinta ya rasu yara suna ƙanana, da man gyaɗa ta riƙe gida. Taƙamarta guda ce, abu ba ya lalacewa a hannunta. Ta tara yashi a gindin randa, kullum tana yayyafa masa ruwa. Goron maƙwabta, tumatir, har ruwan allurar wani tsoho mai ciwon sukari, nan ake kawo su ajiya in zafi ya tsananta. Ka kuskura ka ce firigo ya fi, sai ta harare ka ta ce randarta ba ta jiran a kawo wutar kuran.

Ɗanta Nassirou shi lakkwal ta riƙe, wato makarantar boko. Daga Magariya sai Damagaram, daga nan sai Yamai, inda ya duƙufa kan karatun shimi, ilimin haɗa sinadarai. Ba ta taɓa sanin me yake yi ba sai wani hutu da ya zo da 'yar kwalba, bakinta a liƙe da kaki, cikinta wasu ƙwayoyi masu duhu kamar kwalli. Ya ce shekaru ya yi yana fama kafin su fito.

"Inna, akwai wani ƙarfe a ciki, kobal sunansa. 'Yan mitsi-mitsin abubuwan da ke cikinsa, in da sanyi sai su kwanta bibbiyu, kamar 'yan tsakinki. In zafi ya taɓa su sai su watse, kowa ya kama gabansa."

Ya tsoma kwalbar a ruwan zafi, launin ya washe tana kallo. Ya tsamo ta, a hankali duhun ya dawo.

"Duk shekarun nan abin da kake yi ke nan?" in ji ta. "Ai hawainiya ma tana yi, ba ta je lakkwal ba."

Ta koma kan suyarta don kada ya ga daɗin da ya cika mata fuska.

Bai koma Yamai ba. Sanƙarau ya kama shi a bazarar nan, kafin mako ya zagayo an kai shi makwanci. Baturiya ba ta yi kururuwa ba, amma ta rame, ta daina tsokanar mutane, kuma wannan ya fi kukan tayar wa unguwa hankali.

A aljihun rigarsa ta tsinci kwalbar. Abu ɗaya ta riƙe daga bayaninsa, zafi yana watsa su. To ita kuwa ba za ta bar abin ɗanta ya watse ba. Ta ɓamɓare kakin don su sha iska, ta naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma yadda ake yi wa goro, ta cusa kwalbar cikin yashin. Ta sallami goron mutane da tumatirinsu. Ko ranar da ta kasa cin abinci, ba ta fasa yayyafa ruwan nan ba.

Bayan kaka wata budurwa ta sauka daga kan moto tana tambayar gidan. Nafissa ce, abokiyar aikinsa a labo, ɗakin gwaje-gwajensu na Yamai. Ta yi gaisuwa, ta yi kuka, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ɗan abin da ya bari a Yamai ya ƙare wajen gwaji, sun yi ta ƙoƙarin sake haɗa shi ya ƙi. In aka samu na kwalbar nan za a ƙarasa awo, a buga aikin da sunansa.

Baturiya ta miƙe da ƙarfin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Ɗiyata, kin zo gidan ajiya. Zafi bai taɓa su ba ko sau ɗaya."

Ta tono kwalbar, ta goge da bakin zane, ta miƙa da hannu biyu. Nafissa ta ɗaga ta sama. Ƙwayoyin sun sha laima sun narke, sai wani caɓi ja-ja a ƙasan kwalba. Ta dubi tsumman, ta dubi yashin.

"Kin yi ƙoƙari, Inna. Allah Ya saka da alheri."

Wadda ta tsufa a kasuwa ba a ɓoye mata fuska. Baturiya ta zauna a ƙasa.

"Ruwan ne ko?"

Nafissa ta sunkuyar da kai.

"To sunan fa? Sunan Nassirou, za a rubuta?"

Matan da suka shigo ganin baƙuwa suka dubi juna. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa sunan ba wanda ya taɓa jin sa a bakinta. Ta sake faɗa, a hankali, tana jiran amsa, Nafissa kuwa ta kasa ɗago kai.