Gideyon, Mai Tsare Mini Hagu

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ina cikin aji Priska ta kira ni ta ce mijinta Gideyon ya rasu. Ya faɗi ne a wurin aikinsa na jinya, zuciyarsa ta tsaya. Na tsaya riƙe da alli, ban ma san abin da na ce wa 'yan makaranta ba.

Gideyon, tun muna Dogon Dutsi kake jana zuwa abin da ba ruwana da shi. Da muka zama magidanta a Yamai ma ba ka bari ba. Kai ka ajiye ni gaban ordinata, wato kwamfuta, a gidanka na Koira Kano, ka koya mini wasan yaƙin jiragen sararin samaniya, matanmu suna mana dariya wai furfura ba ta hana mu komai ba. A wasan akwai wata da'ira da ke gudu a gaban jirgin abokin gaba, tana nuna inda za ka harba don ka same shi. Na iya binta har na fara yi maka gori.

Sai masu wasan suka sake fasalinsa. Suka ƙanƙantar da da'irar, suka mai da ita ja, suka tura alamar gargaɗi can gefen allo. Kowa ya yi ƙorafi, kowa kuma ya saba, ban da ni. Duk jirgin da ya fito ta hagu sai ya ragargaza ni ban gan shi ba. Ni ina zagin masu wasan, kai kuwa ka ajiye naka wasan kana kallon fuskata. Ka rufe mini idon dama da tafinka, ka ɗaga hannu ta hagu.

"Markus, yatsa nawa?"

Ban ga yatsa ba, ban ga hannun ba.

Washegari ka ɗauke ni a babur zuwa wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun ranar tsoro ya shiga ni, bai fita ba har yau.

Ba ka yi mini dogon wa'azi ba. Ka shiga saitin wasan, ka faɗaɗa da'irar, ka mai da ita ruwan ɗorawa, ka jawo alamar gargaɗi tsakiya inda nake gani. Sannan ka ce, "Daga yau jirgina yana hagunka. Ka duba gabanka kawai, tsoho." Haka ka yi a wasa, haka ka yi a titi. Cikin cunkoson Babbar Kasuwa, a hagu kake tafiya, kana ture mini masu amalanke ba tare da kowa ya gane ba. Kai ne mai tambayata ko na ɗiga magani, har nakan ji haushinka.

Bayan jana'iza na kunna ordinata, sai na tarar da saƙo: an sake sabunta wasan, kuma duk wanda ya karɓa, saitinsa zai koma yadda yake da farko. Ban danna ba. Ban san ta ina ka bi ka gyara mini da'irar nan ba, ƙananan rubutun ma yanzu ba na iya karanta su. Ina tsoron ranar da duhun zai iso tsakiya, ina tsoron allon aji, ina tsoron tsallaka titi.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya karɓe ka cikin hutunsa, ya sāka maka da alherin da ka yi wa marasa lafiya da ni. Priska, da 'yarki Rahila, da dangi na Dogon Dutsi, Allah ya ta'azantar da ku, ya riƙe gidan.

Ni ma ku sa ni a addu'a. Jibi zan koma wurin likita a auna abin da ya rage, kuma babu kowa a haguna.