Yadda Na Musanya Gangar Mahaifina da Icen da Gara Ta Cinye

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, kuma ɗan gidan makaɗa. Lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da aure ba, ƙuruciya na ɗiba ta, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ganga. Ni ake kira kiɗan gayya, manoma na huɗa ina bin su a baya da gangar noma. Gangar ta marigayi mahaifina ce, baƙa ƙirin, duk jikinta tabo, har kunyar rataya ta nake ji.

Wata ranar kasuwa wani dillali, tsohon abokin mahaifina da muke kira Baba, ya ja ni gefe. Ya ce wani shahararren makaɗi ya rasu, magada na son rabuwa da tsofaffin gangunansa: gangar noma ɗaya da kalangai biyu. Wai ba ya so kayan tarihi su faɗa hannun bare alhali ɗan amininsa na raye. Ya kai ni wani zaure a bayan kasuwa. Na tarar da gangunan suna sheƙi, an shafe su da mai, an sa sababbin fatu, an rataya musu tsofaffin layu. Na ce bari in kwance fatar gangar in leƙa cikin icen. Nan take ya ɓata rai.

"Haba ɗana! Ni zan cuce ka? A gabana fa aka yanka ragon sunanka."

Kunya ta rufe ni. Da na nemi in buga ta sosai, sai ya ce matan gidan na takaba, ba a kiɗa a ƙofar makoki, sai dai in ɗan taɓa da yatsa. Na taɓa, na ji muryar a dishe. Ya ce daɗewa ce ba a kaɗa ba, in ta sha rana za ta buɗe. Kunnena ya gaya mini gaskiya, na ƙaryata shi saboda furfurar mutum. Na koma gida na kwashe gyaɗar da na ajiye ta iri na sayar, matata na roƙo na in bari sai na yi shawara, na ce mata ina ruwan mace da ganga. Kuɗin bai kai ba, sai Baba ya ce zai taimake ni ya karɓi tsohuwar gangata a matsayin ciko. Har godiya na yi masa!

Ranar da aka yi gayya a gonar wani Alhaji, samari sun jeru da garemani, mata sun kawo fura, na rataya sabuwar gangata ina taƙama. Ban gama kirarin farko ba na ji ƙas a kafaɗata. Icen ya tsage tun daga baki har gindi, gari ya zubo mini a riga kamar an zazzage buhun dusa. Ashe gara ta gama da cikinta tuntuni, an toshe ramukan da ƙaro da garin katako aka shafe. Samari suka fashe da dariya, Alhaji ya aika a kira wani makaɗi daga ƙauyen gaba, ni kuwa na tsaya riƙe da tsumman fata. Da na kwance kalangan a gida, su ma duk ɗaya.

Na je wa dillalin da fasasshiyar gangar. Ko gezau bai yi ba. Ya ce da idona na gani na taya, ciniki ya faɗa. Na ce to ya dawo mini da gangar ubana, ya ce ai ta yi gaba. Daga baya wani maƙwabcin zauren ya shaida mini cewa babu wani makaɗi da ya rasu, babu wata takaba, tarkace ne aka tsinto gida-gida aka yi musu kwalliya. Gangata kuwa wani mai tara tsofaffin kayan kiɗa daga Kano ya zo, ya ƙwanƙwasa icen sau ɗaya, ya biya ko tayi bai yi ba. Tun farko ita Baba ke hari. Da na kai ƙara gun dattawa, suka ce in yi haƙuri, uba ne. Wane irin uba ne zai cinye maraya ya lashe hannu? Daminar da ta biyo, surukina ne ya ba ni irin shuka, na karɓa kaina a sunkuye.

Har yau in na tuna raina tafasa yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi. 'Yan'uwa masu karatu, duk wanda zai sayi tsohuwar ganga, ko wane tsohon kaya, kada sheƙi da labarin mai shi su ruɗe shi. Ka kwance fata, ka zura hannu, ka ƙwanƙwasa icen, ka buga ta da ƙarfi a fili, ka tafi da wanda ya fi ka sani. In mai sayarwa ya fara rantse-rantse yana kawo zumunci maimakon ya bar ka ka duba, ɗauki takalminka ka fita, ko da shi ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka.