Tsinken Awon Sabis

Da ciwon maigidana ya yi tsanani, abu ɗaya ya riƙa roƙo: ya ga fuskar babban ɗanmu, wanda ke tuƙin mota a Saudiyya. Murya ba ta ishe shi ba. Ɗakin da Malam ke kwance kuwa sabis ba ya shiga sosai.

Akwai wani Bakano da ke haya a gidanmu na Suleja, yana aiki a Abuja. Rannan ya fasa fita saboda mu. Ya nuna mini wani abin awon sabis a wayarsa mai kama da agogon gudun mota. In ya danna, sai wani tsinke ya tashi, ya yi rawa, ya tsaya. Ni ban san lamba ba, tsinken nake kallo.

Da hantsi ya bi gidan yana awo. Ɗakin Malam, tsinke a kwance. Zaure, dama-dama. A bakin rijiya ya miƙe.

"Mama, nan ne," in ji shi. "Nan ko furfurar gemun ɗanku Baba zai gani."

Malam ya ce daga ɗaki, "Ashe har ya yi furfura bai gaya mini ba."

Ɗan namu ba ya tashi aiki sai bayan magaribarmu, sai muka tsayar da lokacin. Maza suka ɗauko Malam da katifarsa zuwa bakin rijiya. Na sa masa farar hularsa.

Babu wanda ya tuna cewa da hantsi rabin Suleja tana Abuja. Da magariba duk sun dawo, kowa da waya a hannu, sabis ya yi nauyi. Fuskar ɗana ta fito, baki a buɗe, ta daskare. Bakanon ya sake awo. Tsinken ya ɗan motsa, ya koma ya kwanta.

Malam bai gane ba. Ya yi ta yi wa hoton magana, ya yafe masa, ya ba shi amanata. Can ya ce, "Me ya sa ya yi shiru? Fushi yake?"

Muka ce gobe da hantsi, yaron zai nemi izini a wurin aiki. Malam bai kai hantsi ba.

Yanzu da hantsi ɗana ke kira. Ina zama a bakin rijiya, ina ganinsa tas, har furfurar. Kullum sai ya tambaye ni me Baba ya ce masa. Ina faɗa masa ina kuka, ban da tambayar ƙarshe.