Gamel ɗin Baba

Yau da safe na yi wa Baba allurar ciwon sukari, na shiga ɗauko kunu. Ko da na fito, yana bakin ƙofa, ya sa tsohuwar hular aikinsa.

Baba ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a ramin ma'adini nan Arlit. Yanzu tsufa ya taɓa masa tunani, wani lokaci ni kaina ba ya gane ni. Likita kuwa ya ja mini kunne: in an yi allura bai ci abinci ba, sukarin zai faɗi, yana iya suma.

Na ce, "Baba, ga kunu."

Ya ce, "Kar ɗin ma'aikata, bas ɗinmu na zuwa aiki, zai bar ni. Ba a ci sai an yi hutu."

Na lallashe shi, ya ƙi. Zufa ta fara keto masa, alamar sukarin na sauka.

Sai na tuna da gamel ɗinsa, kwanon da marigayiya Inna take zuba masa abincin aiki. Na zuba ɗumame da dabino, na zauna kusa da shi a dakali, na ce, "Shef, shugaban aiki, ya ce a yi hutu."

Ya karɓa ya ci sosai. Sannan ya ware dabino ɗaya ya sa aljihu, ya ce, "Wannan na 'yata Hadiza ne, kullum tana jirana a ƙofa."

Ni ce Hadizar. Ban gaya masa ba.

Masu jinyar tsofaffi, ku yaya kuke yi in sun ƙi ci?