Illa, Wanda Masu Sintiri Suka Ƙi Kamawa

Shekara tara ke nan da muka kai Illa makwancinsa a nan Jidda, ni kuwa har yau in na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya sai in ji kamar in yi masa sallama. Haka Illa yake tsayuwa, dogo siriri, wuya kamar muciya. Ni ko, masu karatu, in na shiga motar haya sai direba ya leƙa ya duba tayoyinsa.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa. Umara ya zo, ya zauna, ya yi aure, ya haifi Faisal, duk ba iƙama, wato takardar izinin zama. Tare muke gadin rumbunan kaya a unguwar Khumra. Bayan rumbunan a lokacin akwai wani fili mai gishiri da gajeriyar ciyawa, ruwa kwance nan da can, ba itace ko na asuwaki. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya ja ni can da wani tsohon madubin hangen nesa da ya samo a gwanjo. Ya nuna mini balbela, ya nuna shirwa. Wasu dogaye masu jajayen ƙafafu da ba mu da sunansu a Hausa, ya sa musu Hajiyoyi, wai lalle suka sha. In garke ya tashi ya tsallaka teku ya yi yamma, sai ya sauke madubin ya bi su da kallo. Ni ne mai surutu, amma a nan nakan kama bakina.

Gida yake so. Hanya ɗaya ce ga irinmu: ka miƙa kanka a mayar da kai, kuma ba dawowa. Matarsa Rabi, haifaffiyar Jidda, ta sa shi ya rantse ba zai kai kansa da ƙafarsa ba. Illa ya riƙe rantsuwa. Sai dai ya yi wa kansa fatawa: in kama shi aka yi, ai ƙaddara ce.

Ran nan muna tsakiyar fili sai ga motar masu sintiri. Baƙaƙe biyu, ba takarda, da madubi kusa da rumbuna! Na yi gudun da har yau balbelun Khumra suke ba jikokinsu labari, na faɗa wani rami, rabin cikina a waje. Illa ko bai motsa ba. Ya gyara hula, ya miƙa hannu biyu, fuska tana haske kamar ango.

Jami'in ya karɓi madubin ya ɗora a ido don ya ga abin da muke leƙe. Ya daɗe. Ya kira abokinsa shi ma ya duba. Sai na jiyo yana cewa, "Masha Allah! Masha Allah!" Ya mayar wa Illa kayansa, ya dafa kafaɗarsa.

"Ba ni da iƙama fa," in ji Illa.

"Halas, shi ke nan, ya Hajj. Yalla, je ka gida."

Na yi ta ba da labarin nan a majalisa, ana dariya har da hawaye, shi ma yana tayawa. Amma da muke komawa a wannan yammacin ya ce da ni, "Tanko, ka ji? Wai in je gida." Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Da zai leƙo yau, ba zai gane filin ba. An cike ruwan, rumbuna sun hau kai, saura ɗan zirin da ko tabarmar liman ta fi shi faɗi. Tsuntsaye na zuwa, su yi shawagi, su rasa masauki, su wuce. Ni da ke musu dariya ina nan, gemu ya yi fari, 'ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. An ce baƙo raɓa ne. Mu rana ta fito ta faɗi a kanmu, ba mu bushe ba, ba mu shiga ƙasa ba.

Me Illa ya bari? Ba gida, ba gona. Sai Faisal, wanda ya yi ta ɓuya tun yana yaro, bara aka tare shi a unguwar Bagdadiyya aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Rabi ta yi kuka har muryarta ta dushe. Yana can wajen baffanninsa, Hausarsa tana ɗingishi.

Kwanan baya ya kira ni.

"Ya ammi, wani baƙin tsuntsu mai farin ƙirji ya yi sheƙa a kan tsohon ɗakin Baba. Mutane sai murna suke. Esh hada, mene ne wannan?"

Na ajiye barkwanci gefe.

"Shamuwa ce, ɗana," na ce. "Ruwa ya kusa. Kada ka bari kowa ya taɓa sheƙar nan. Ka je ka ce baffanka ya ba ka fartanya."

Allah Ya jiƙan Illa, Ya sa ya huta.