Dakta Sau-Uku da Saƙon Inna Hajo

Na fi wata takwas ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki nake yi a kasuwar Boɗinga, kuma ina tsoron in yi rubutu a kan mamaci ya zama na ci namansa. Sai da na tambayi malamai biyu suka ce babu laifi, sannan na tambayi na uku don in tabbatar. Abin da ya tilasta ni amana ce da taubashina Dakta Sau-Uku ya bar mini: saƙon wata uwa zuwa ga ɗiyarta, ɗiyar da har yau ban san inda take ba.

Ku da kuka san shi kun san asalin sunan. Shi ba likitan allura ba ne, masanin halayyar ɗan'adam ne, aikinsa zama da masu ciwon daji yana binciken yadda magana ke rage musu nauyin zuciya. To mu nan, ko mutum na shirin cikawa, ka ce masa "Ya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi." Dakta ya ce amsar farko ta kunya ce, ta biyu ta tawakkali, ta uku ita ce ta mai jiki. Sau uku yake tambaya, sannan ya yi gum. Har mai rake ya taɓa yi wa haka!

Wata rana na ga littafin bincikensa, kauri kamar bulo. Na ce, "Taubashi, shekara da shekaru kana yawon jami'o'i, mi ka gano?"

Ya ce, "A yi shiru a saurari majinyaci."

"Shi ke nan? Ai kakarmu ta san wanga, ba ta ko shiga jirgi ba!"

"Ta sani," in ji shi, "amma ka taɓa jin ta yi shiru?"

Na raka shi dubiya Dingyaɗi wurin wani tsoho, Baba Ɗanjuma. Na farko, da sauƙi. Na biyu, da sauƙi, alhamdu lillahi. Na uku, tsoho ya leƙa ƙofa, ya jawo hannun rigar Dakta ya ce, "Ɗana, wata huɗu ke nan kowa kunu yake kawo mini da addu'a. Ni tsire nika so!" Dakta ya rubuta wannan a takarda da fuskar nan tasa ta ilimi, ya buga wa likitan tsohon waya ya sami izini, ya hau babur ya sayo tsiren. Wallahi tsinke shida Baba ya tashi da su, bai miƙa wa kowa ba.

Ni kuwa, yawan bin sa ya sa kowane ƙurji na gani sai in ce ciwon daji ne. Kwana uku ina jin wani ƙululu a haƙarƙarina, har na fara yafe wa mutane. Na ruga wurinsa ina zufa. Ya ce, "Ni ba na duba jiki, gobe asibiti za ka. Amma tuɓe rigar in gani." Na tuɓe, ƙululu ya bi riga. Ashe kan zare ne na ɗinke cikin aljihu da hannuna! Ya dube ni ya ce, "To tela, ya jiki?" Duk da haka sai da ya tura ni asibitin.

Da ciwon nan ya kama shi shi ma, na je dubiya. Na ce, "Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Kai! Har da kai? Na sake tambaya, ya sake. Na yi ta uku, na kama bakina, abin da ban taɓa iyawa ba. Can ya ce, "Ina jin tsoro, Sani. Kuma akwai alkawarin da ban cika ba." Ya ba ni ɗan memori na waya. Wata majinyaciyarsa ce, Inna Hajo ta Mandera, ta ɗauki murya kafin ta rasu, ta ce a kai wa ɗiyarta Asabe, wadda suka rabu ba daɗi. Ya nema bai same ta ba.

Ban saurara ba, ba nawa ba ne. Yana cikin gwangwanin man zafi, na naɗe da tsumma, kullum sai na buɗe na duba ko yana nan.

Allah ya jiƙan Dakta, ya saurare shi kamar yadda shi Dakta ya saurari bayin Allah, ya sa ya sami sauƙin da ba sai an tambaya sau uku ba.

Jama'a, an ce Asabe ta auri wani mai gyaran babur sun koma wajen Kajiji. Wanda ya san ta, don Allah ya leƙo layin teloli, ya tambayi Sani taubashin Dakta. Mahaifiyarta tana da magana, kuma Dakta ya ce amsa ta uku ce.